Birkin Auta

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Gobir ya san abin da hakan ke nufi. Babana bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina wancan?" In na yi abin kirki sai ya kau da kai ya shiga gyaran wuta. Kunya ce irin ta iyaye, kowa ya sani, ni ma na sani, amma sanin bai taɓa rage mini zafinta ba. Mu maƙera ne kaka da kakanni, a wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Gatawa, kuma a maƙerar Baba magana ɗaya ake jira: ya ɗauki abin da ka ƙera, ya jujjuya shi, ya ce, "Ya yi." Na ji ya faɗa wa masu koyon aiki, na ji ya faɗa wa baƙi. Ni kuwa har na yi aure na haifi 'ya'ya uku ban ji ta ba.

Sai shekarun farin nan suka zo, waɗanda gero ke tsayawa iya gwiwa ya bushe a tsaye. Babu mai sayen fartanya tunda babu abin nomewa. Rijiyoyin garinmu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana ruwan da ya rage mai yawa yana can ƙetaren gulbi, a wata rijiya mai zurfi ta cikin fadama. Kawunmu ya tafi kudu neman abin da iyali za su ci, ya bar mana tsohuwar akori-kurarsa. Ni kuma na ɗan koyi walda a Isa. Sai na samo ƙarfen tayoyin wata mota da ta mutu, na haɗa da ƙarafa da katako, na yi ƙaramar tirela mai ɗaukar duro shida. Kullum da safe in ja ta in tafi, in dawo da ruwa, matan unguwa su yi layi da tuluna da bokitai a ƙofar gidanmu. Ranar da na gama ta, Baba ya zagaye ta sau ɗaya, ya taɓa wurin da na haɗa ta da mota, ya tambayi Inna ko an gama fura.

Matsalar tirelar nan ɗaya ce. Gulbin ya bushe, ta cikinsa muke ƙetarewa, kuma a dawowa dole ka gangaro daga gaɓa mai tsawo da duro shida cike taf a bayanka. Tirelar ba ta da birki. In ka taka na mota, ita ba ruwanta, sai ta yi ta turo ka kamar bijimi mai faɗa. Na yi dabara irin tamu. Na samo wani ƙaton kututturen kirya, na ɗaure shi da sarƙa. In mun iso bakin gangare sai in sauke shi ƙasa, tirela ta riƙa jan sa cikin yashi, ni kuma in sa giya ta ɗaya in lallaɓa ina salati. Ba ya da kyan gani, amma sama da shekara guda ko cokali ɗaya na ruwa bai zube ba, kuma ina alfahari da hakan.

Ana nan sai autanmu ya dawo daga Maraɗi. Shekara shida ya yi can yana koyon aikin wayar mota. Ya dawo da gashin baki siriri, da wando mai aljihu ko'ina, da wani buhu da sai da mutum biyu suka sauke. Baba da ba ya tashi daga gaban wuta ko don hakimi, ya tashi ya tarye shi har ƙofa yana kiran sunansa sau uku. Ina tsaye riƙe da awartaki ina kallo.

Kashegari Auta ya bi ni ɗibar ruwa. Da muka zo gangare na sauka ina fama da kututturena, sai ya leƙo ta taga.

"Yaya, wanga icce mi na amfaninai?"

"Birki na," na ce.

Ya yi dariya. Ba dariyar raini ba ce, yanzu na san haka, yaro ne mai saurin dariya tun yana ƙarami. Amma a lokacin sai na ji kamar ya zuba mini garwashi a riga.

Ashe abin da ke cikin buhun nan birki ne. Wasu Turawa masu haƙa rijiya sun bar wata tirela ta lalace a garejin maigidansa, shi ne ya kwance mata kaya ya taho da su: kwanonin birki biyu, da farantan da ke bayansu, da wani ɗan akwati baƙi, da waya tuli. Ya shimfiɗa su a tabarma gaban Baba yana bayani. A cikin kowane kwano akwai mayen ƙarfe ɗan mitsitsi, wanda ba ya kama komai sai an ba shi wuta. In direba ya taka birki, akwatin nan da ke ƙarƙashin sitiyari zai aika wutar batir ta waya har baya, mayen ƙarfe ya manne wa kwano, ya ja wani hannu, hannun ya buɗa layinin, wato abin da ke gugar kwanon ta ciki, ya matse taya. Ba mai, ba sanda, ba igiya. Shi ba ya ma cewa lantarki, "kuran" yake cewa irin na mutanen can, ita kuma tirelar da na yi da hannuna ya sa mata suna "rimok." Duk lokacin da ya faɗa sai in ji haƙorana sun haɗu.

Abin da ba wanda ya tsaya ya lura da shi kuwa, duk wannan kaya ba su da wurin zama sai an yi musu. Dole a yanka faranti biyu masu huji huɗu, a yi musu walda a bakin ƙarfen tayoyi, kuma su miƙe sak. In ɗaya ya karkace ko da kaurin farce ne, birkin zai yi ta gugar kwano har ya ƙone. Wa zai yi? Ni. Kwana uku na yi a kai, ina aunawa da zare, ina gogewa, ina sake aunawa, idona ya yi ja don hasken walda. Da Auta ya zo ya sa farantansa suka zauna daram, ya ce, "Kai, Yaya, hannunka kamar na injin." Na yi kamar ban ji ba. Ba daga bakinsa nake son ji ba.

Shi kuma ya shiga nasa. Ya ja waya shuɗiya daga akwati ta bi ƙarƙashin mota har tirela, ya kankare fenti ya ɗaure fara a jikin ƙarfe, ya bi shuɗiyar yana ɗaɗɗaure ta da robar tsohon tib na taya. Kusa da tayoyi ya bar mata ɗan lilo, ya ce don kada ta tsinke in tirela ta faɗa rami. Sannan muka ɗaga taya ɗaya a kan turmi. Rabin unguwa sun taru. Auta ya shiga mota, ya ce in juya tayar da iyakar ƙarfina. Na juya ta tana gudu, sai muka ji wani ɗan kuka siriri daga cikin kwano, tayar ta tsaya cak.

Baba ya matso. "Sake," ya ce.

Na sake juyawa, ta sake tsayawa.

"Sake dai."

Sau bakwai na juya tayar nan ina zufa. A na bakwai Baba ya cire hularsa ya buga a gwiwa.

"Ya yi! Wallahi ya yi, Auta! Ku dibi ikon Allah, ƙarhe shina jin magana ba a taɓa shi ba!"

Hannunsa na kan farantin da na kwana uku ina yi, amma bai ko dube shi ba. Da yamma na tarar ya sa an faskare kututturen kiryata an tura rami, wai itace mai kyau irin wannan ba a barin sa yana jan ƙasa, gawayi za a yi. Da gawayin birkina ya ƙera wa Auta wuƙa.

Gaskiya dai birkin ya yi aiki, ba zan ci amanarsa ba. Ina taka feda sai in ji kamar wani ya riƙe tirelar ta baya da hannu biyu. Gangaren da nake sauka da salati ya zama wasa. Amma cikin mako biyu sai ga matan unguwa suna cewa "motar Auta ta iso." Fulanin da ke shayarwa a rijiya suna zuwa su durƙusa su saurari kukan mayen ƙarfe, su tambaye ni ko ni ne direban mai birkin. Shekara guda ina kawo wa mutanen nan ruwa ba wanda ya sa wa ruwan suna, yanzu ya zama ruwan Auta. Ƙyashi ya kama ni, ƙyashi na gaske, irin wanda ke hana tuwo wucewa. In ya yi dariya in ji haushi, in ya gaishe ni in ji haushi, in ya miƙo mini goro in ga kamar sadaka yake ba ni. Inna ta lura. Wata rana tana ba ni fura ta ce, "Kai hwa babba na. Bari ɗaure ma yaro huska." Na ce ciwon kai ne.

Akwai abin da na sani wanda Auta bai sani ba, don shi ya manta da zaman ƙauye, kuma bai ga farkon farin ba. A shekarun nan awaki sun koyi cin komai: takarda, tsumma, igiyar guga, har jikin bango suke lasa. Kuma duk inda aka ajiye tirela, ƙarƙashinta suke taruwa, saboda ɗigon da ke sauka daga durorin. Tun ranar da na ga ya bar wa wayar nan lilo na san me zai faru. Maganinsa kuwa bai fi aikin rabin yini ba: a sami siririn bututun ƙarfe a zura wayar ciki, in yi masa walda a jikin tirela. Bututun ma yana nan jingine a bayan maƙera. Na yi shiru.

Wata rana bayan la'asar na fito zan zagaya, sai ga jar akuyar Inna, ita kaɗai ta rage mata cikin tara, ta miƙa wuya tana tauna shuɗiyar wayar hankali kwance. Na tsaya. Ko "kai" ban ce mata ba. Na tsaya har ta gama, har na ga bakin waya biyu suna reto, sannan na sa ƙafa na tura su bayan ƙarfe inda ido ba ya kaiwa. Wannan na ƙarshen shi ne abin da na fi kasa gaya wa kowa. Akuya ta yi nata don yunwa, ni na yi nawa da hankalina.

Ga yadda na tsara a raina. Ni ke tuƙi kullum. Zan rage ruwan duro biyu, in sa giya ta ɗaya tun daga sama, in lallaɓa in sauka kamar da. In mun iso gida in ce a gaban Baba, cikin sanyin murya, "Abin nan hwa ya mutu, Allah dai yat tsare." Ba na son kowa ya ji ciwo. So nake kawai fuskar Auta ta faɗi sau ɗaya, Baba kuma ya tuna da kututturena.

Da safe sai Baba ya fito da babbar riga da sanda. Ya ce yau da shi za a je, yana so ya ji abin nan da jikinsa.

"Auta shi tuƙa," ya ce. "Mai abu shi ka nuna abinai."

A tafiya ba wanda ya gane komai, don in tirela ba kaya Auta kan rage ƙarfin akwatin har ƙasa, kada tayoyi su riƙa kafewa cikin yashi. A rijiya na so in yi magana. Muna cika duro na ce ko za mu bar biyu rabi-rabi, Auta ya ce don me, mata na jira. Aka cika shida har baki. Baba ya ƙi shiga gaba, ya hau tirela ya zauna a kan katakon gaban durorin, wai nan ne zai ji kukan mayen ƙarfe da kyau. Ni na hau bayan mota, muna fuskantar juna.

Da muka iso bakin gangare na buga rufin mota, Auta ya tsaya. Wallahi bakina ya buɗe, maganar tana kan harshena. Sai Baba ya yi murmushi, ya ɗaga murya don Auta ya ji.

"Mi a? Ko wancan kewar iccenai yaka yi? Hwaɗa mai zamani ya sake."

Auta ya yi dariyarsa. Na rufe bakina, na sake buga rufin mota alamar a tafi.

Abin bai ɗauki lokaci ba. Auta ya taka birki, mota ta rage, tirela ba ta rage ba. Na gan shi ta gilashin baya yana fizgar hannun akwatin, yana sake fizga. Bayan motar ya fara zamewa gefe, tirela ta naɗo ta, igiyoyi suka tsinke, durori suka biyo juna. Baba ya faɗi ta gefen dama, duro ɗaya ya bi ta kan hannunsa. Da komai ya tsaya, tirelar na rataye a karkace, taya ɗaya a sama tana juyawa. Ƙasa da ita kaɗan, daidai inda za ta faɗa da ta ɓalle, akwai wasu mata na ƙauyen gaba da ke tonon yashi suna kwarfar ɗan ruwan da ke tsattsafowa. Ruwanmu kuwa yashi ya shanye shi muna kallo. Biyu daga cikin matan sun ruga da ƙorai wajen durorin da ke tsiyaya kafin su waiwayi Baba, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba.

Hannun ya karye wuri biyu, na dama, hannun masaba. Aka ɗauko maɗori daga Unguwar Lalle ya ɗaure shi da karare. Ran nan unguwarmu ba ta sami ruwa ba, kashegari ma haka, mata suka koma tafiyar ƙafa da tuluna. A rana ta uku zaure ya cika da masu dubiya, ni ina rakuɓe bakin ƙofa, Auta yana can lungu kansa a ƙasa. Wani dattijo ya fara zancen kayan Nasara da ba su da amana. Baba ya katse shi.

"Ku bar wagga magana. Ku tahi ku dibi ƙarhen da yar riƙe ta ga mota. Ya lanƙwashe, ya murɗe, amma inda anka yi walda ko tsagewa bai yi ba. Da ya ɓalle, da yanzu gari biyu ka zaman makoki." Ya numfasa. "Aikin wancan na."

Sai ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba a gaban mutane.

"Ya yi," ya ce.

Dattawa suka sunkuyar da kai don kunyar abin da ya yi. Ni kuwa na tashi na fita bayan maƙera, na tsaya kusa da bututun nan da ke jingine. Tun ina yaro nake jiran maganar nan.

Auta ya gano wayar da kansa. Ba wanda ya zage shi, amma mutane suka daina ce wa ruwan nasa, wasu kuma in ya wuce sai su yi shiru. Bai yi wata guda ba ya ce zai koma Maraɗi. Na raka shi har tashar Sabon Birni. Muna jiran mota ta cika ya zaro guntun shuɗiyar waya daga aljihu, duk sawun haƙori, ya sa mini a hannu.

"Na haɗa sabuwa, Yaya. Sa mata bututu ka yi walda, kai ka iya. Ni wawa na, ban tuna da awaki ba." Ya yi ɗan murmushi. "Abin da ka ba ni haushi, kullum kana wucewa nan. Da Allah ya sa idonka ya kai, na san da ka hwaɗa mani."

Na ce, "Haka na."

Na sa bututun a ranar, kafin azahar na gama. Birkin bai sake mutuwa ba har ruwan sama ya dawo, rijiyoyi suka kawo, aka jingine tirela. A hankali mutane suka koma kiran sa da sunana, wasu ma har yau sun ɗauka ni na ƙirƙiro shi. Hannun Baba ya warke a karkace, bai sake ɗaga masaba ba. Ya ba ni wurinsa gaban wuta, shi ya koma gefe yana kallo. Duk abin da na yi wa Auta ƙyashi a kansa ya dawo hannuna, ba abin da ya rage.

Amma ƙyashin bai tafi ba, wuri kawai ya sake. Duk sallah Auta kan zo gida. Yana shiga zai durƙusa gaban Baba, ya ɗauki karkataccen hannun nan ya ɗora a cinyarsa, ya riƙa matsa shi yana cewa, "Gahwarta mani, Baba," Baba kuma ya ce, "Kai, tashi, na yahe tun dauri," su yi dariya, a kawo fura. Shi ya nemi gafarar abin da bai yi ba, ya samu, ya huta. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ina naɗa wa Baba rawani duk Juma'a, don hannun ba ya kaiwa kansa, fuskata dab da tasa, kuma ko sau ɗaya ban iya buɗe baki ba. In na gama sai ya shafa rawanin da hagu ya ce, "Ya yi."